Gizo da Shanun Tururuwa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Zomo ne ya gaji da satar ganye a lambunan mutane. Ya gaji da jifa, ya gaji da tseren karnuka, sai ya ce wa matarsa bana shi ma zai kafa nasa. Da kaka ta wuce ya share fili a bayan gida kusa da rijiya, ya kewaye shi da dangar kara, ya yanka shi fangali-fangali. Ya dasa tumatir da attaruhu, ya shuka kuɓewa da latas da alayyafo, ya ja kunya biyu ta wake, ya sa rama a gefe, ya bar kabewa ta hau danga.

Zomo kuwa bai iya jira ba. Da ya ga takin tumaki yana jan ƙafa, sai ya je kasuwa ya auno yuriya, ya yi ta barbaɗawa ba awo. Cikin 'yan kwanaki ganye ya yi kore shar, ya yi laushi, ya cika da ruwa. Zomo yana ta tsalle yana kiran maƙwabta su zo su gani. Bai san irin wannan ganyen ne darɓa ta fi so a duniya ba.

Lambun nan ba Zomo kaɗai ke cikinsa ba. Tun kafin ya kafa danga akwai masu wurin. Kwaɗo yana ƙarƙashin kwatarniyar ban ruwa, in dare ya yi ya fito ya bi gindin dashe yana lashe tsutsar nan mai yanke shi daga ƙasa. Ƙadangare yana kan katanga. Ƙoƙi tana tsaye a kan wake, hannuwa a naɗe, tana jiran fara ta yi kuskure. Mijinta Gizo ya ja saƙarsa tsakanin sandunan tumatir. Akwai Jan Ƙwaro, ɗan dunƙulallen nan mai baƙaƙen ɗige-ɗige a baya, shi da iyalinsa. Akwai wasu 'yan rina da ko ƙwayar gero ba su kai ba, waɗanda ba sa harbin kowa. Da hantsi kuma Zuma takan zo da ayarinta su shiga furen kabewa su fito duk jikinsu rawaya. Ba wanda ya ɗauke su aiki, ba mai biyan su. Cikinsu ne ya zaunar da su, kuma cin da suke yi shi ke tsare lambun. A cikinsu duka Hawainiya kaɗai Zomo ya taɓa lura da ita, ita ma ranar da ya gan ta a kan ramarsa ya ɗauko sanda ya ce ta kiyaye shi. Ta haura danga a hankali, ta tare a kan darbejiyar da ke waje.

To, a ƙarƙashin dangar akwai gidan tururuwa, su kuwa makiyaya ne. Shanunsu su ne darɓa, 'yan ƙwarin nan masu taushin jiki da ke maƙale a bayan ganye da kan tofo, wasu kore wasu baƙi. Darɓa takan soka bakinta cikin ganye ta yi ta zuƙar ruwansa, abin da ya yi mata yawa ta fitar da shi ta baya, ɗigo-ɗigo, mai zaƙi da danƙo. Wannan ne nonon da tururuwa ke tatsa. Sukan shafa bayan darɓa da gashin kansu ta saki ɗigo su sha, sukan ɗauke ta a baki su kai ta sabon tofo in na da ya tsufa, kuma duk wanda ya matso kusa da garken sai su rufe shi da cizo. Garken kuwa ba ya buƙatar bijimi. Darɓa ba ta jiran namiji, ba ta ma tsayawa yin ƙwai a ƙasar zafi, 'ya'ya take haifa rayayyu, kuma 'yar da aka haifa yau, bayan kimanin mako guda ita ma ta fara haihuwa.

Abu ɗaya ne ya hana tururuwa barci: Jan Ƙwaro. Shi kaɗai a yini yana iya cinye darɓa wajen 50, 'ya'yansa kuma ba a magana. Sarauniyar tururuwa ta tara fadawanta, aka yi ta shawara, daga ƙarshe wata tsohuwa ta ce, "Allah ya ja zamaninki, abin da ƙarfi bai yi ba, a kai wa Gizo."

Da dare suka tura jakadiya da ƙoƙo cike da zaƙin darɓa. Gizo ya ɗanɗana, ya lumshe ido, ya ce kullum in za a kawo masa ƙoƙo guda, su ɗauka an gama.

Ba a daɗe ba Zomo ya fara ganin abin da bai gane ba. Ganyen wake ya nannaɗe, na kuɓewa ya ƙanƙance, in ya taɓa sai hannunsa ya yi danƙo, wani baƙin abu kuma ya rufe saman ganyen, wanda ba komai ba ne illa funfuna da ke tsirowa a kan zaƙin nan. Yana tsaye yana sosa kunne sai ga Gizo ya sauko a kan zarensa, da tsamin bakin nan nasa.

"Yanka ya daɗe, Malam Zomo, ai ɓarawon yana gabanka."

Ya kai shi gindin wake, ya nuna masa wata halitta doguwa baƙa mai ɗigon ruwan goro da ƙaya-ƙaya a baya, mai ƙafa shida, kamar ɗan kada da aka ƙanƙantar. Gaskiya ba kyan gani, kuma ga ta a tsakiyar ganyen da ya lalace. Zomo bai tambayi me take yi a wurin ba. Da ya sunkuya ya duba da kyau da ya ga darɓa ce a bakinta, domin ita ce 'yar Jan Ƙwaro kafin ta yi fiffike. Ya yini yana bin kunya yana murtsuke su, har da 'yan ƙwai rawaya da ya gani jere a bayan ganye. Jan Ƙwaro ya kwashi ragowar iyalinsa ya koma can ƙarshen danga.

A ganina wannan ita ce babbar ɓarnar da aka yi wa lambun, ta ma fi ta kwalbar maganin da ta biyo baya, don kwalba ba ta da ido, amma hannun Zomo yana da su biyu a samansa.

Mako bai cika ba darɓa ta rufe wake har kara. Gizo ya ga kasuwa ta buɗe ta fuska biyu. Ya tafi bakin tasha ya sayo fiya-fiya a wata tsohuwar kwalba marar takarda, ya kawo wa Zomo ya ce magani ne daga birni, kuɗinsa kwandon tumatir in ya nuna. Zomo ya tambayi awo, Gizo ya ce murfi guda. Zomo ya ce in guda yana kashewa, uku za su fi. Ya dama, ya fito da rana tsaka, ba ƙyalle a hanci, iska na kaɗawa, ya feshe lambun kaf, har latas ɗin da ake tsinka kullum, har furen kabewa da Zuma ke ciki.

Gizo ya riga ya raɗa wa tururuwa, sun kwashe zaɓaɓɓun shanunsu sun cusa cikin ganyen da ya nannaɗe, inda feshi ba ya shiga. Shi ma ya haye can saman katanga. Matarsa ce kawai ya manta bai gaya wa ba.

Da la'asar lambun ya yi tsit. Darɓar da ke fili ta mutu, gaskiya ne. Amma ga ayarin Zuma zube a gindin kabewa, ga 'yan rina sun ƙare, ga dangin Gizo ƙanana sun ƙanƙame a saƙarsu. Kwaɗo, da yake fatarsa tana shan duk abin da ya taɓa ta, ya ja jiki da kyar ya fice ta magudanar ruwa. Ƙadangare ya haɗiyi fara mai guba ya kwana yana rawar jiki. Ƙoƙi kuwa a ƙasa aka tsince ta, ƙafafu sama, sai da maƙwabta suka yi ta yayyafa mata ruwa kafin ta motsa. Zomo kansa ya kwana da jiri da tashin zuciya, ya ce rana ce ta buge shi.

Kwana uku Zomo yana yabon Gizo a duk inda ya zauna. Kafin mako biyu darɓa ta dawo ninkin ba ninkin, domin ita haihuwarta ta kwanaki ce, ta masu cin ta kuwa ta makonni, kuma yanzu ba ko ɗaya a wurin. Farin ƙuda ma ya samu fili, in aka girgiza tumatir sai ya tashi fari fat ya sake sauka. Zomo ya sake fesawa, waɗanda suka mutu ba su kai na farko ba. Ya sake, suka ƙara raguwa, saboda waɗanda guba ba ta kashe ba su ne suka haifi na yanzu, kuma 'ya'yan sun gaji taurin iyayensu. Kabewa tana fure, 'yan ƙananan 'ya'yanta suna yin rawaya suna zubewa. Rannan kuma autan Zomo ya ci latas ya yi ta amai yawu na dalala, sai da aka ruga da shi wurin mai magani. Matar Zomo ta ɗauki kwalbar ta ce, "Maigida, ko ita ko ni a gidan nan."

Zomo ya fita ya zauna a gindin darbejiya ya yi tagumi. Balbela tana kiwo a wurin, Hawainiya tana kan reshe, ido ɗaya a kansa, ɗaya a kan lambu.

"Sannu, Malam Zomo. Ya ramar taka?"

Zomo ya ji kunya, ya ce, "Gwaggo, a bar tuna baya. Maganin ne ba shi da ƙarfi. In na samu wanda ya fi shi, shi ke nan."

Balbela ta ɗaga kai ta ce ita wannan magana ta taɓa jin ta, a bakin waɗanda suka fi shi gona. Ta ce tana Kadawa a 2016, shekarar da tsutsar tumatir da manoman Kano ke kira Sharon ta sauka. Asalinta daga Kudancin Amurka take, ta ɓulla a Sifen a 2006, ta bi ta tsallako har ta iso. Tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa take shiga ta yi ta ci, sannan ta huda 'ya'yan. Manoma suka yi ta feshi safe da yamma, tsutsa tana ciki abinta. Gonaki suka bushe a Kano da Jigawa da Katsina, a Kaduna har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masu miya suka koma na gwangwani.

Hawainiya ta ce, "Tashi mu shiga. Amma da tafiyata za mu yi, ba da taka ba."

Wannan tafiya ita ce azaba mafi girma da Zomo ya taɓa sha. Hawainiya takan ɗaga ƙafa, ta yi gaba ta yi baya da ita, sannan ta ajiye. Kafin ta kai kunyar farko Zomo ya zagaya lambun sau bakwai ya dawo ya ce ya duba, bai ga komai ba. Ta ce ya juya ganye guda. Ya juya, sai ga darɓa cunkus, ga tururuwa na kai da kawowa a cikinsu.

"Bi layin nan da ido. Ina ya nufa?"

Ya bi, ya ga layin ya sauka kara, ya bi ƙasa, ya shige ƙarƙashin danga. Ta ce duk inda ya ga tururuwa na hawa da sauka a kan shuka, ya ɗaga ganye, akwai garke a sama. Suka matsa gaba, ta nuna masa wasu darɓa da suka kumbura suka bushe suka yi launin ƙasa, wasu da 'yar ƙofa zagayayya a baya. Ta ce kada ya kuskura ya taɓa su. 'Yar rina ce ta yi ƙwai a cikin kowacce, ɗanta ya cinye ta daga ciki, ya huda ƙofar ya fita, waɗanda ba su huje ba kuwa sojoji ne da ba su ƙyanƙyashe ba tukuna. Zomo ya yi dariya ya ce abin da sai an ƙura ido ake ganinsa me zai iya. Balbela daga kan danga ta ce ya bar raina su, don lokacin da wani farin ƙwaro ya kusa cinye rogon Afirka, irin wannan 'yar rina masanan IITA na Ibadan suka samo daga Kudancin Amurka suka saki a 1981, ita ta kwantar da shi.

A gindin tumatir Hawainiya ta tsaya ta daɗe. Guda huɗu sun tsugune, ganyensu ya yi ƙanana ya murɗe sama, gefensa rawaya. Ta ce wannan cuta ce farin ƙuda ke ɗauka a baki daga shuka zuwa shuka, kuma ba ta warkewa, ya tuge su ya fitar. Zomo ya ce ko a ba su mako guda a gani. Ta ce ya ba su, in yana son ya ba da sauran fangalin tare da su. Ya tuge yana ƙunƙuni. Ganyen da ya ga farin tabo mai haske a jikinsa, da tumatir mai huji, ta sa ya tsinke ya ɗaure a baƙar leda ya ajiye a rana, ta hana shi jefarwa a bayan danga inda tsutsar za ta gama girma ta dawo da fiffike.

Sauran aikin na hannu ne. Tofon da darɓa ta yi wa yawa ya yanke, sauran ya wanke da ruwa mai ƙarfi. Ya daina yuriya. Ya sami guntayen kwali ya shafa musu rawayan fenti da man shafawa mai danƙo ya kakkafa, don farin ƙuda rawaya ke jan sa. Hanyar tururuwa ya zuba mata busasshiyar toka, in ban ruwa ya jiƙa ta ya sake.

Sai da yamma Hawainiya ta nuna masa ƙarƙashin bishiyar da yake zaune. Ga 'ya'yan darbejiya nunannu sun zuba, yana ta taka su tun safe. Ta sa ya tsince, ya wanke su ya cire ɓawon, ya shanya a inuwa har suka bushe. Matarsa ta daka su a wani tsohon turmi da ba a abinci da shi, aka jiƙa kimanin giram 50 a kowace lita ta ruwa, aka bar shi ya kwana. Washegari aka tace da tsumma, aka narka ɗan sabulu kaɗan don ya kama ganye. Ta ce ya fara gwadawa a ganye biyu ko uku ya ga ko zai ƙone su, sannan ya jira rana ta yi sanyi, don hasken rana yana kashe ƙarfinsa, kuma a lokacin Zuma ta koma gida. Ya bi bayan ganye da shi, kada ya taɓa fure, abin da ya rage kada ya ajiye, bayan mako ya haɗa sabo.

Da asuba Zomo ya fito da gudu ya ga ƙwari ba su zube ba. Ya ce an yaudare shi.

"Ba a ce maka zai kashe su yau ba," in ji Hawainiya. "Ɗaci ne ya hana su ci, ƙananan kuma za su kasa saɓa, su mutu a tsohuwar rigarsu. Kai dai je ka roƙi waɗanda ka kora."

Roƙon bai zo da sauƙi ba. Kwaɗo ya ce sai an kifa masa fasasshiyar tukunya a inuwa, an bar masa danshi. Zuma ta ce ita ta binne 'yan ayarinta da yawa, ba za ta dawo ba sai ta ga wata guda ba wari. Saboda haka Zomo da kansa ya riƙa tashi da sassafe yana tsinko furen kabewa namiji, mai siririn wuya, yana goga shi a cikin na mace, mai ɗan ƙullutu a gindi. A nan ya san nauyin aikin da ake yi masa kyauta. 'Yan rina suka ce manyansu ruwan fure suke sha, a bar musu karas da albasa kaɗan su yi fure, a shuka ɗoɗɗoya a bakin fangali. Jan Ƙwaro ne ya zo da sharaɗin da ya fi ba Zomo haushi.

"Malam, ka bar mana darɓa kaɗan a kunyar ƙarshe. In ka share ta tas, me 'ya'yana za su ci? Tashi za mu yi, in ta dawo kuma ba ma nan."

Zomo ya kalli Hawainiya, ta juya ido ɗaya ta kalli sama. Ya ce to, ya ji.

Ana cikin haka sai ga Ƙoƙi, tana dogara kara, ta rame ta ƙara tsawo. Ta gaida kowa, sannan ta ajiye ƙoƙo goma sha ɗaya a gaban Zomo, duk da sauran danƙo a cikinsu. Ta ce a bayan randa ta same su, kuma ta ji abin da jakadiyar tururuwa ke cewa da daddare. Aka nemi Gizo aka rasa. Ƙadangare ya hango shi a can ƙuryar rufin rumfa, ya naɗe ƙafafu ya yi lamo. Aka ce ya sauko, ya ce ba shi da lafiya. Zomo ya ɗauko sanda, Hawainiya ta ce ya ajiye, ko ba komai saƙarsa tana kama farin ƙuda, kuma lambun yanzu ba shi da ma'aikacin zubarwa. Aka yanke masa hukuncin jan zare a kowace sandar tumatir har ƙarshen rani, kwandon da aka yi masa alkawari kuma aka ba Ƙoƙi.

Tumatir dai rabi aka samu. Alayyafo da 'yan huji-hujinsa aka ci shi. Wake ya farfaɗo, kabewa ta ɗaura guda shida. A kan karan danga kuma wani busasshen ƙullutu mai kama da kumfa, wanda Zomo ya sha niyyar ɓamɓarewa, ya fashe wata safiya, 'ya'yan Ƙoƙi suka yi ta fitowa suna watsuwa cikin wake. Tururuwa suka ga kiwo ya yi wuya, suka kwashi ragowar shanunsu suka yi ƙaura zuwa lambun Kurege.

Ba a yi kwana uku ba aka ga Gizo a ƙofar Kurege da wata kwalba a hammata, yana sallama.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.